Ɗaukaka Ƙara Kafin a Yanke Hukunci: Tarihinta Daga Zauren Alƙali Zuwa Kotun Ƙoli

A cikin al'amuran shari'a da suka shigo ƙasar Hausa ta hannun Turawa, da wuya a sami wanda ya fi ɗaure wa talaka kai kamar a ce masa an ɗaukaka ƙara alhali ba a yanke hukunci ba. Abin da kowa ya saba da shi shi ne a yi shari'a a gama, a ce wane ya yi nasara wane ya faɗi, sa'an nan wanda bai gamsu ba ya ce ya yi afil. To, amma a tsarin kotunan Nijeriya akwai wata ƙofa ta dabam. Alƙali yana cikin sauraron ƙara sai wata ƙaramar magana ta gitta, alal misali ko wannan kotu tana da hurumin jin maganar, ko a karɓi wata takarda a matsayin shaida, ko a ba da beli, ko a hana wani ya taɓa gonar da ake jayayya a kanta. Abin da alƙali ya yanke a kan irin wannan shi ake kira ƙwarya-ƙwaryar hukunci, ko umurnin wucin gadi. Doka kuwa ta yarda wanda abin bai yi wa daɗi ba ya ɗauki wannan 'yar magana ya hau da ita kotun gaba, ya bar uwar ƙara tana jira a ƙasa.

Garin Gummi, a yammacin Jihar Zamfara, wuri ne da ya dace a tsaya a hangi tarihin wannan al'amari. A nan aka haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan alƙalin garin, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Daga nan kuma Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya fito, wanda ya shugabanci Babbar Kotun Birnin Tarayya a Abuja har zuwa 2013, kafin ya koma gida ya hau gadon sarautar garin. Tsakanin zauren da mahaifin na farko ya yi alƙalanci da kotun da na biyu ya shugabanta akwai tafiya mai nisa.

Zauren alƙali

Kafin zuwan Turawa, alƙalan Daular Sakkwato suna hukunci ne da fiƙihun Malikiyya, kuma littattafan da ke gabansu su ne Risala da Mukhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ta ƙasar Andalus wanda ya rasu a 1426. A wannan fiƙihu babu matakalar kotuna hawa-hawa irin wadda aka sani yanzu. Ƙa'ida ita ce, idan alƙali adali masani ya yi ijtihadi ya yanke hukunci, ba a warware shi don kawai wani alƙalin yana da wani ra'ayi. Ana warware shi ne idan ya saɓa wa nassi bayyananne, ko ijma'i, ko ƙiyasi mabayyani, ko ƙa'idojin shari'a. Wanda ke ganin an zalunce shi yana iya kai kuka gaban sarki, wanda ke zaman sauraron ƙorafin zalunci tare da malamansa, daga can kuma magana tana iya isa Sakkwato ko Gwandu. Amma kukan da ake kaiwa a kan hukunci ne wanda ya riga ya fita.

Wannan ba ya nufin alƙalin wancan zamani ba ya ba da umurni a tsakiyar shari'a. Yana bayarwa, kuma malamai sun tsara abin daki-daki. Akwai tauƙifi, wato tsare abin da ake jayayya a kansa har a gama: idan gida ne a hana sayar da shi ko canza masa gini, idan abu ne mai saurin lalacewa a sayar a ajiye kuɗin. Akwai ajali, wato wa'adin da ake ba mai ƙara ya kawo shaidunsa. A lissafin Tuhfa, a kan abin da ba ƙasa ko gida ba, ana ba shi kwana takwas, sa'an nan shida, sa'an nan huɗu, a ƙara masa uku na jinkirin ƙarshe, jimla kwana 21; a kan gidaje da gonaki da gado kuwa wa'adin yakan kai wata guda. Akwai kuma i'izari, wato kafin alƙali ya buɗe baki ya yi hukunci sai ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Idan wa'adi ya cika bai kawo komai ba, a rubuta cewa ya gaza.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan matakai an gina su ne don su tura shari'a gaba zuwa ƙarshenta, kowannensu da adadin kwanakinsa. Kariyar da aka ba wanda ake ƙara tana cikin zauren, a gaban alƙalin da ke jin maganar. Tsarin yana da nasa rauni, domin idan alƙali ya karkata tun daga farko, babu mai tsayar da shi sai ya kai ƙarshe. Amma manomin da ke jayayya a kan fadama a bakin Gulbin Zamfara yana iya sa ran sanin matsayinsa kafin lokacin shuka ya wuce.

Razdan da Di'o

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun bar alƙalai a kan buzayensu, suka sa su ƙarƙashin dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 da waɗanda suka biyo baya. Gummi da Anka da Bukkuyum suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Daga baya aka rarraba kotuna daraja-daraja, kotun Sarkin Musulmi tana sama da ikon yanke hukuncin kisa, kotunan alƙalan gunduma suna ƙasa. Abu biyu ne suka shafi wannan magana a tsarin. Na farko, an hana lauyoyi tsayawa a waɗannan kotuna. Na biyu, an ba Razdan da Di'o ikon shiga kowace kotu su duba littafin shari'a, su rage hukunci, su sa a sake sauraro, ko su ɗauke ƙara daga hannun wani alƙali su mayar wa wani tun ba a gama ba. Ke nan, hannun farko da ya fara shiga tsakiyar shari'a daga sama a wannan ƙasa hannun jami'in mulki ne, kuma yana shiga ne in ya ga dama. Mai ƙara ba shi da haƙƙin tilasta shi.

A 1933, zamanin Gwamna Donald Cameron, aka yi gyaran da ya buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan gargajiya zuwa kotunan Turawa, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma. A 1947 wannan kotu ta soke hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mai suna Tsofo Gubba, bisa hujjar cewa a dokar Turawa laifinsa bai kai na kisa ba. Sarakuna da malamai suka ga cewa joji wanda bai karanta Mukhtasar ba ya zama mai gyara wa alƙali hukunci. Daga wannan ɓacin rai aka sami Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Musulmi a 1956. Sai kwamitin masana shari'a na 1958, ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, wanda shawararsa ta haifar da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a 1960. A wannan kotu ne Malam Abubakar Gumi ya fara da mataimakin shugaba, sa'an nan ya zama shugaba bayan shekara biyu. Huruminta ya tsaya ga aure da saki da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon marayu.

A 1968, bayan an rarraba Jihar Arewa, gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta rufe kotunan sarakuna, ta kafa kotunan yanki ƙarƙashin Babban Joji. Ikon da Di'o yake da shi ya koma hannun sufetocin kotuna. Hanin da aka yi wa lauyoyi ya ci gaba har bayan Kundin Tsarin Mulki na 1979, lokacin da kotuna suka yanke cewa ya saɓa wa 'yancin mutum na kare kansa da lauyan da ya zaɓa.

Ƙofar da Kundi ya buɗe

Ɗaukaka ƙara a tsakiyar shari'a ta girma ne a manyan kotuna, inda ake bin al'adar shari'ar Ingila. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta kafu a 1976, ta shiga tsakanin Babbar Kotu da Kotun Ƙoli, sai hawa ya zama uku. Kundin 1979 ya tsara yadda ake hawa, Kundin 1999 ya maimaita a sashe na 241 da na 242. Sashe na 241 ya ce mutum yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara ba tare da neman izni ba idan hukuncin na ƙarshe ne. Ya ƙara da cewa yana da wannan haƙƙi a kan kowace irin shawara ta kotu idan ƙorafinsa a kan doka ne zalla, haka kuma idan magana ta shafi fassarar Kundi, ko 'yancin mutum na walwala, ko riƙon yaro, ko umurnin hani da aka bayar ko aka ƙi bayarwa. Abin da ya rage sai da iznin kotu, bisa sashe na 242. Sashe na 318 kuwa ya fassara kalmar hukunci da faɗi ƙwarai, har ta haɗa da kowane umurni.

Wannan ƙofa ta fi ta ƙasashen da aka kwaikwaya faɗi. A Amurka, tun dokar kotuna ta 1789 ƙa'idar kotunan tarayya ita ce a jira hukuncin ƙarshe, sai 'yan togaciya da aka ƙara daga baya. A Ingila kanta, gyaran 1999 ya sa kusan kowace ɗaukaka ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba sai da izni. A Nijeriya kuwa, lauya mai basira ba ya rasa yadda zai sa wa ƙorafinsa rigar doka zalla.

Bambanta hukuncin ƙarshe da na wucin gadi ya zama wani fagen gardama mai zaman kansa, domin wa'adinsu ba ɗaya ba ne: kwana 14 ga na wucin gadi, wata uku ga na ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin wancan, sai ya tarar lokaci ya ƙure masa. A shari'ar Akinsanya da bankin UBA a 1986, Kotun Ƙoli ta tsaya a kan ma'aunin da wata kotun Ingila ta shimfiɗa a 1903, wato a dubi umurnin kansa a gani ko ya raba gardama tsakanin masu shari'a baki ɗaya. Idan ya raba, na ƙarshe ne. Idan akwai sauran magana a gaban alƙalin, na wucin gadi ne.

Babban makamin da aka fi shiga da shi ta wannan ƙofa shi ne hurumi. Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, aka kafa cewa shari'ar da kotu ta yi ba tare da hurumi ba ɓatacciya ce, komai kyan yadda aka gudanar da ita. Hujjar tana da ƙarfi, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi: babu amfanin a shekara biyar ana kiran shaidu sa'an nan a ce kotun ba ta da ikon zama tun farko. Saboda haka da zarar an karanta tuhuma sai lauya ya miƙe ya ce kotu ba ta da hurumi. Alƙali ya ce tana da shi. Lauya ya ɗaukaka ƙara, ya roƙi a dakatar da shari'a har kotun sama ta yi magana. A doka, ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta dakatar da komai, amma alƙalin ƙasa yakan ji nauyin ci gaba da maganar da manyansa ke dubawa. Sai fayil ya kwanta.

A shekarar 2000, a shari'ar Amadi da Kamfanin Mai na Ƙasa, Babban Jojin Nijeriya Muhammadu Lawal Uwais, mutumin Zariya, ya nuna takaicinsa a fili. An shekara 13 ana jan magana a kan ko an ba kamfanin takardar gargaɗi yadda ya kamata kafin a kai shi ƙara, kuma bayan duk wannan sai aka mayar da ƙarar Babbar Kotu a fara daga farko. Ya ba lauyoyi shawara su riƙa haɗa irin wannan ƙorafi da uwar ƙara, a yanke su tare, a ɗaukaka su tare. Shawara ce kawai, ba ta ɗaure kowa ba.

Adalci ne a faɗi cewa ƙofar ta taɓa yin aikin da aka buɗe ta dominsa. An gurfanar da Muhammad Abacha a Babbar Kotun Legas a kan kisan Kudirat Abiola na 1996. Ya nemi a soke tuhumar tun kafin a kira shaidu, kotuna biyu suka ƙi, amma a watan Yuli na 2002 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai, ta ce takardun shaidar da aka gabatar ba su danganta shi da laifin ba, ta soke tuhumar. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan hukunci, da babu wannan hanya da sai ya jira ƙarshen shari'ar, wadda ba a yanke wa Manjo Hamza Al-Mustapha hukunci a cikinta ba sai a watan Janairu na 2012, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta sallame shi a watan Yuli na 2013.

Misalin da ya fi fito da illar a fili ya faru ne a Babbar Kotun Birnin Tarayya. A 2007 Hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon Gwamnan Filato, Joshua Dariye, a kan tuhuma 23, ciki har da karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya na kuɗin gyaran muhalli. Ya ce kotun Abuja ba ta da hurumi, kuma babu abin da zai amsa. Babbar Kotu ta ƙi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi, Kotun Ƙoli ma ta ƙi a watan Fabrairu na 2015. Kusan shekara takwas ke nan ba a shiga gundarin magana ba. Babban Jojin da aka shigar da ƙarar a zamaninsa har ya ajiye aiki ya zama sarki a Gummi, fayil yana nan yana jiran a sauko da shi. Da aka koma aka fara sauraro a 2016, shekara biyu da 'yan watanni suka isa: a ranar 12 ga Yuni, 2018, Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta ɗaure shi shekara 14, daga baya aka rage zuwa 10, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. Irin wannan doguwar hanya sai mai abin hannu, domin kowane hawa da kuɗin lauya da na haɗa takardu. Talakan da ke tsare a gidan yari yana jiran shari'a ba shi da wata riba a jinkiri.

Rufe ƙofa rabi

A watan Mayu na 2015 aka sa hannu a kan Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka. Sashe na 306 ya hana kotu sauraron roƙon dakatar da shari'ar laifi, sashe na 396 kuma ya ce idan an ƙalubalanci ingancin tuhuma, alƙali ya ji, amma ya ajiye amsarsa sai ranar hukunci. Wannan ita ce shawarar Uwais, bayan shekara 15, ta zama doka. Lauyoyi suka ce an tauye haƙƙin da Kundi ya bayar. A 2017, a shari'ar Olisa Metuh, Kotun Ƙoli ta amsa cewa haƙƙin ɗaukaka ƙara yana nan, abin da aka hana shi ne tsayar da shari'a saboda ita. Jihohi suka bi da nasu dokokin ɗaya bayan ɗaya.

Gyara na biyu ya shafi zaɓe, kuma Zamfara na cikin wuraren da suka fara ganin aikinsa. Gyaran Kundi na huɗu, wanda aka sa wa hannu a 2018, ya ƙara wa sashe na 285 wa'adi a kan rigingimun kafin zaɓe: a shigar da ƙara cikin kwana 14, a yanke hukunci cikin kwana 180, kowace ɗaukaka ƙara a gama ta cikin kwana 60, ƙorafin hurumi kuma a jinkirta amsarsa zuwa hukuncin ƙarshe. A watan Oktoba na 2018 Hukumar Zaɓe ta ce jam'iyyar APC ba ta yi zaɓen fid da gwani a Zamfara cikin lokaci ba. A ranar 25 ga Janairu, 2019, Babbar Kotun Jiha a Gusau ta ce an yi, a wannan rana kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta goyi bayan Hukumar. Aka yi zaɓe, APC ta lashe. Ɓangaren Sanata Kabiru Marafa ya ɗaukaka ƙara, a ranar 25 ga Maris Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta soke hukuncin Gusau, a ranar 24 ga Mayu kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar, ta ce ƙuri'un da aka jefa wa jam'iyyar sun tafi a banza. Kujerar gwamna ta koma ga Bello Matawalle na PDP, kujerar sanatan Zamfara ta Yamma ta kuɓuce wa Abdul'aziz Yari ta koma ga Lawali Hassan Anka, haka ta wakilin Gummi da Bukkuyum a Majalisar Wakilai. Hawa uku cikin ƙasa da wata takwas, kwana biyar kafin rantsar da sabon gwamna. A tsohon tsari, da wuya a ce wanda aka rantsar bai cinye wa'adinsa ba ana gardamar wace kotu ce ke da hurumi.

Waɗannan gyare-gyare biyu sun tsaya ga shari'ar laifi da ta zaɓe. Rigimar gona da ta gado da ta bashi da ta sarauta suna nan ƙarƙashin sashe na 241 yadda yake. Rikicin masarautar Kano ya nuna haka: Babbar Kotun Tarayya ta ba da umurnin wucin gadi a watan Mayu na 2024, ta ce tana da hurumi a watan Yuni, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba ta da shi a watan Janairu na 2025, aka wuce Kotun Ƙoli. Ga mutumin Gummi kuwa akwai wani tarko na musamman. A shari'ar Magaji da Matari a 2000, Kotun Ƙoli ta ce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ba ta da hurumi a kan jayayyar mallakar ƙasa idan ba ta danganci gado ko kyauta ko waƙafi ko makamantansu ba. Saboda haka manomin da ya yi nasara a gaban alƙalin garinsu, ya sake yin nasara a gaban alƙalan ɗaukaka ƙara a Gusau, yana iya zuwa Sakkwato a gaya masa cewa hawa na biyu ba ta nan ya kamata a bi ba, a koma Babbar Kotu a sake.